WASIƘAR ILLELA: A Koya Wa Malami Tukuna

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama akwai wata magana da ke ta yawo a bakin malaman makaranta a nan ƙasarmu, tun daga Illela har Gwadabawa da Kware, watau maganar koya wa malamai aiki da kwamfuta da intanet a cikin aji. Waɗansu suna murna da ita, waɗansu suna tsoronta, waɗansu kuwa sun ce wannan ai zancen mutanen birni ne, ina ruwan mai koyar da yara a gindin bedi da shi. Ni ba malamin makaranta ba ne, akawu ne, amma da yake da wannan na'ura nake cin abincina kullum, na ga ba laifi in sa baki.

Bari in fara da masu cewa ba ruwanmu. 'Yan'uwa, ruwanmu ne ƙwarai, kuma tun da daɗewa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da jarrabawar shiga jami'a a kan takarda, ta mayar da ita duka a kan kwamfuta. To, ku duba yaron da ya tashi a Kalmalo ko Araba, ya yi shekara 12 yana karatu, ya san lissafinsa, ya san Turancinsa daidai gwargwado. Ranar jarrabawa an ɗauke shi an kai shi birni, an zaunar da shi gaban wani abu da bai taɓa sa wa hannu ba, aka ce ga linzami, ga tambayoyi, ga agogo yana tafiya a kusurwar allo. Kafin ya gane yadda ake wucewa daga tambaya ta 1 zuwa ta 2, ɗan birnin da ke kusa da shi ya amsa 10. In sakamako ya fito sai a ce yaranmu ba su da ƙoƙari. Alhali kuwa ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba, hannunsa aka auna, hannun nan kuwa ba wanda ya taɓa koya masa kome.

Abin bai tsaya nan ba. A farkon 2024 hukumar WAEC ta soma ba da jarrabawarta a kan kwamfuta ga masu zama don kansu, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa nufin Gwamnati ne WAEC da NECO su bi wannan hanya gaba ɗaya. Su kansu malamai ba su tsira ba, domin tun 2017 majalisar da ke yi wa malamai rajista take ba da jarrabawar shaidar cancanta a kan kwamfuta. Ashe ke nan ko mun so ko mun ƙi, ƙofar da 'ya'yanmu za su bi an riga an sāke mata kuba, mu kuwa muna riƙe da tsohon mabuɗi.

Ba wai Gwamnati ba ta san da wannan ba ne. Tun 1988 aka tsara manufar koyar da kwamfuta a makarantun Nijeriya, watau kafin a haife ni. A nan birnin Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a watan Satumba na 1999. An kafa hukumomi, an rubuta takardu, an saye kaya. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne tsarin da aka fi bi, wanda kowane malami da ke karanta wannan wasiƙa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Da fari a sayo akwatuna. Sa'an nan a kira taron bita na kwana 3 a birni, a tara mutum 100 ko fiye a ɗaki guda, a kawo wani masani ya tsaya a gaba da majigi yana nuna hotuna yana zuba Turanci. Rana ta farko ta tafi wajen jawaban manya, ta ƙarshe ta tafi wajen raba takardar shaida da alawus. A tsakani, in malami ya yi sa'a, ya taɓa na'urar na minti kaɗan, mutum 5 a kan guda. Ya hau mota ya komo gida, takardar shaida ta shiga ƙasan adaka, shi ke nan an rubuta a ofis cewa an horar da malamai kaza. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Su kuwa akwatunan, ina suke? Suna sito, a kulle. Kada kowa ya yi saurin zagin hedimasta a kan haka, gama ni da nake riƙe da littafin kaya na san abin da ke ransa. Ranar da aka kawo su shi ya sa hannu ya karɓa. Ya san in sifeto ya zo ba zai tambaye shi yara nawa suka koya ba, zai ƙidaya ne, 1, 2, 3, har 20, in ya sami 19 ko ya sami guda a fashe, albashin hedimasta ne zai amsa. To, wane mai hankali ne zai miƙa wa yaro ɗan shekara 11 abin da ya fi albashinsa na wata biyu? Sai ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu, ya sami barci. Ƙurar hunturu ta shiga, zafin bazara ya dafa batir, gara ta ci kwalin, bayan shekara 4 a buɗe a tarar da kaya cif 20, ba wadda ke tashi. A littafi ba a yi hasarar kome ba. Muddin ba a rubuta wa shugabannin makarantu a fili cewa abin da ya lalace wajen aiki ba laifi ba ne, laifi shi ne a same shi sabo fil bayan shekara, to, duk bitar da za a yi wa malamai shuka ce a kan dutse.

Kada a ce mu kaɗai ne muka yi wannan tuntuɓe. Akwai wani babban shiri da aka ƙago a Amurka na ba kowane yaro 'yar kwamfutarsa, har an gwada shi a wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, a 2007. Ƙasar Peru, can a Amurka ta Kudu, ita ta fi kowa rungumarsa, ta raba fiye da guda 800,000. Da bankin raya ƙasashen wannan nahiya ya aiki masu bincike suka duba makarantu 319 na ƙauye, suka fitar da rahoto a 2012, sai aka ga bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar sarai, hankalinsu ma ya ɗan ƙara kaifi, amma a lissafi da karatun harshe ba su fi waɗanda ba a ba su kome ba. Dalili a bayyane yake. An sa abin a hannun yaro, an bar malami yana koyarwa yadda ya saba. A Jihar Edo kuwa, da suka fara nasu shiri a 2018, sai suka juya abin, suka sa 'yar kwamfutar a hannun malami, da darasin kowace rana a cikinta, da masu zagayawa suna shiga aji suna duba yadda yake yi. Akwai masu sūkar wannan, suna cewa an mai da malami mai karanta abin da wani ya rubuta, ni ma ban ce ba su da hujja ba. Amma dai sun gane inda gizo ke saƙa.

Abin mamaki shi ne mu mutanen Sakkwato ba mu da bukatar zuwa Peru ko Edo kafin mu san wannan, gama darasin yana nan cikin tarihinmu. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, da malamai ya fara, manyan mutane masu gemu waɗanda suka riga suka yi karatun Arabiyya, ya koya musu boko domin su koyar. Kwalejin Katsina da aka fara a 1921 don horon malamai aka kafa ta, kuma daga can Sardauna Ahmadu Bello ya fito a 1931 ya zo ya koyar a Midil ta Sakkwato. Amma wadda ta fi dacewa da zancenmu ta riga waɗannan duka, ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a Degel, nan ƙasar Gwadabawa, a 1793, ta rasu a 1864, Allah ya jiƙan ta.

Ku duba irin matsalar da ta tarar. Ga mata a ƙauyuka masu nisa, ba za su iya barin gidajensu su zo birni su zauna ba, ita kuma ba za ta iya zuwa kowane ƙauye ba. Me ta yi? Ba ta tara su duka rana ɗaya ta yi musu wa'azi ta sallame su ba. Sai ta zaɓi dattijuwa guda daga cikinsu, wadda mutanen garin suka sani suka kuma amince da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa don kowa ya san matsayinta. Jaji takan zo da ayarinta, ta zauna ta koya, ta koma gida ta koyar, sa'an nan ta sāke dawowa ta ƙaro. Karatun kuwa an zuba shi cikin waƙa, da harshen da matan ke ji, domin waƙa ba ta bukatar akwati, a kai ake ɗaukarta, ana daka ana rerawa. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru, kuma bai mutu da mutuwarta ba, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da shi. Ku lura da abin da ya sa ya yi ƙarko. Mai koyarwa 'yar gari ce, gobe ma tana nan, wanda ya manta zai iya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Zuwan kuma ba sau ɗaya ba ne. Kayan karatun kuwa an yi su daidai da abin da mai koyo zai iya ɗauka ya tafi da shi.

To, abin da nake roƙo a yi wa malamanmu ke nan. A kowace makarantu 5 ko 6 da ke kusa da juna a zaɓi malami guda, ba don yana da ɗan'uwa a ofis ba, sai don an ga hannunsa ya faɗa, kuma yana da haƙurin koya wa babba. Shi za a kai birni a horar da shi sosai, wata guda ko fiye, a ba shi na'ura tasa ta kansa wadda zai kwana da ita, da abin hawa ko kuɗin mai. Shi ne jajin wannan yanki. Kowane mako ya tara 'yan'uwansa malamai na awa 2, ran da aka tashi da wuri, kowa da na'ura a hannu, a yi abu guda ɗaya tak har ya zauna. Mako mai zuwa ya shiga ajin ɗayansu ya zauna a baya ya ga yadda aka yi da abin da aka koya. Kuɗin otal da abincin taro guda na kwana 3 zai riƙe jaji da yawa har tsawon shekara.

Wannan tsari zai warware wata matsala da masu shirya bita ba su cika tunawa da ita ba, watau ta malamai mata. Matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta tafi Sakkwato, tafiyar wajen mil 50, ta kwana 3 a masauki ba, ko ita ta yarda da wuya a bar ta. Saboda haka kullum maza ke zuwa, alhali a makarantun 'yan mata su ne ake bukata. In karatun ya zo makarantar da ke bayan gidanta, kuma mace ce ke koya mata, ba mai hana ta. Haka kuma dattijon malami da ya yi shekara 28 yana riƙe da alli. Ba ƙin koyo yake yi ba, kunya yake ji kada yaron da ya koya wa a, ba, ca ya gan shi yana lalube. A gaban mutum 100 ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. A gaban abokan aikinsa 6 zai ce. Irin wannan dattijo kuwa bai kamata a yar da shi ba, domin shi ya san inda yara ke tuntuɓe a darasi, saurayin da ya iya danne-danne bai sani ba tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai kuma maganar abin da za a koya. A nan ne nake ganin an fi ɓata lokaci. Littattafan da ke hannun yara suna cike da sunayen sassan kwamfuta da tarihin waɗanda suka ƙago ta, malami ya zana ta a allo da alli, yara su haddace, su ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa ganinta. Wannan kamar a koya wa mutum sunayen kayan doki ne, sirdi da likkafa da linzami da majanyi, a ce ya zama mahayi. Malamin lissafi ba ya bukatar a mai da shi injiniya. Yana bukatar a nuna masa yadda zai koyar da lissafinsa da ita fiye da jiya. Ga misali a ƙofar gida. Kowane yaro a Illela ya san ana canjin naira da sefa, da yawansu ma sun fi ni saurin lissafin a ka. In malami ya iya buɗe jadawalin lissafi a kwamfuta, ya sa farashin buhun gero da naira a layi guda, ya sa na'urar ta juya shi zuwa sefa a layi na biyu, sa'an nan ya sauya farashin canji yara su ga dukan lambobi sun motsa gaba ɗaya, to, ya koya musu ninkawa da rabawa da kaso a zama ɗaya, da abin da ubanninsu ke yi ran kasuwa. Malamin labarin ƙasa ya buɗe taswirar da aka ɗauko daga sama, ya nuna musu rufin makarantarsu, ya ja a hankali har ga tafkin Kalmalo, ga Ƙonni a tsallaken iyaka, ga hanyar da ta miƙe zuwa Tawa da Agadas, ga inda kore ya ƙare rairayi ya fara. Wannan rana ba za su manta da ita ba. Ga kuma aikin da ke cin daren malami, watau tara makin yara 80 da fitar da na ɗaya da na ƙarshe, wanda na'ura ke gamawa kafin a sha shayi. Malamin da ya ga ta rage masa wahala ba sai an roƙe shi ya koya ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ci mini rai, ku gafarce ni in faɗe shi. Yawancin masu rubuta Hausa a na'ura ba su san inda ƙ da ɗ da ɓ suke ba, sai su rubuta baki inda suke nufin baƙi, kafa inda suke nufin ƙafa. Haruffan nan masu lanƙwasa suna nan cikin kusan kowace wayar zamani, sai dai a shiga a zaɓi Hausa, aikin minti 2 ne. In malamin Hausa bai sani ba, wa zai sani? Wannan ya kamata ya zama darasin rana ta farko. Amfaninsa kuma ba namu kaɗai ba ne, gama a 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma darasin da malamin Illela ya rubuta da Hausa mai kyau zai yi wa malamin Ƙonni aiki, illa iyaka su suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y.

Na san abin da mai karatu ke cewa a ransa: Malam Akawu, duk mun ji, ina wuta, ina sabis? Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wutar lantarki a ƙauyukanmu baƙuwa ce, a waɗansu ma ba ta taɓa zuwa ba. Sabis kuwa, ba mu manta ba a watan Satumba na 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk shirin da aka gina a kan cewa kullum akwai intanet, a irin wannan rana ya rushe. Amma wannan ba hujjar a nade hannu ba ce, hujja ce ta a koya wa malami dabarar mai tafiya cikin daji, wanda ke cika salkarsa a inda ya sami rijiya. Ran da ya shigo gari ya sami sabis, ya sauko da abin da zai koyar na mako 2 ya adana a memori, ya tafi da shi. Akwai manhajoji da aka yi musamman don haka. Kiwix tana ɗauke da kundin Wikipedia a buɗe shi ba tare da intanet ba, Kolibri kuma tana raba darussa daga na'ura guda zuwa sauran na cikin ɗaki. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wani rumbun darussa na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, har da na Hausa a ciki. Malamai nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa zama da su aka nuna musu ƙofarsa?

Kuma kada a raina wayar da ke aljihun malami. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 ba wanda ya kira taron bita don koya wa mutane ita, amma yau dillalin shanu da bai yi boko ba yana aika hoton bijimi Legas ta WhatsApp a yi ciniki. Ya koya ne don abin yana hannunsa dare da rana, kuma ya ga riba. Da wayar nan, da faifan sola guda a kan rufi, da ƙaramin majigi mai batir, aji ɗaya zai ga abin da ɗakin kwamfuta 20 a kulle bai nuna masa ba. Sai dai fa a yi adalci. Ba daidai ba ne a ce malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata shi zai sayi data daga aljihunsa don ya koyar da 'ya'yan jama'a. Alli ma ai ba shi ke saye ba.

Saura magana guda, wadda malaman zaure da iyaye suka fi damuwa da ita, kuma suna da gaskiya. Sun ce wannan abu yana ɗauke da ƙarya da batsa da abin da ke lalata tarbiyya. Haka ne. Intanet kamar kasuwar Illela ce ran Lahadi, akwai sa mai lafiya, akwai wanda aka ɗura wa ruwa don ya yi ƙiba, akwai mai gaskiya, akwai ɗan damfara, duka a fili guda. Amma ba a taɓa jin wanda ya hana ɗansa kasuwa har abada ba, sai dai a haɗa shi da wanda ya san ido. Yaran nan kuwa sun riga sun shiga, da wayar yayyensu, da dare, ba mai rakiya. Abin da ya rage shi ne ko malami zai zama mai rakiyar ko ba zai zama ba. A nan ma malamanmu na Arabiyya sun riga kowa, gama su ne ba su karɓar magana sai sun tambaya daga wa aka ji, shi kuma daga wa ya ji, kuma yaya halinsa. Wannan tambaya ita ce dukan abin da ake bukata a gaban intanet, musamman yanzu da aka sami manhajojin da ke amsa kowace tambaya da lafazi mai daɗi ko sun sani ko ba su sani ba, har su ƙaga sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Don haka ina ganin in za a zaɓi jaji, kada a tsallake malaman Islamiyya da na allo. Yaran da ke gabansu sun fi na wasu makarantun boko yawa, kuma in suka yarda da abu, gari ya yarda.

Game da malaman da ba su fito ba tukuna, aikin yana wuyan kwalejoji. Ga Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga ta Tarayya da aka kafa a Gidan Madi a 2020, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 tana koyar da malamai daga nesa. Roƙona gare su kada su ba ɗalibi takardar gamawa sai ya tsaya gaban yara na gaske ya koyar da darasi guda da na'ura, a makarantar da ba wuta, mai duba shi yana zaune yana kallo.

Edita, ina da bukata guda wurin masu karatu kafin in ajiye alƙalami. Duk malami ko malama da aka taɓa kira bitar kwamfuta, daga kowace jiha, ina roƙo ya rubuto maka a taƙaice, ba sai ya faɗi sunansa ko na makarantarsa ba. Ya gaya mana kwana nawa aka yi, ko ya riƙe na'urar da hannunsa, ko ya sami wadda zai ci gaba da aiki da ita bayan ya koma, da kuma ko wani ya taɓa zuwa ajinsa daga baya ya ga yadda yake yi. In amsoshin sun taru ka aiko mini, ni kuwa zan jera su a jadawali in kawo muku a wannan fili bayan girbi, in Allah ya kai mu.

Haza wassalam.

Naka,
Akawu,
Illela.